Abin da Dandaji ya koya wa masu zanen gini

An yi wata doguwar hira tsakanin magina da ɗaliban zanen gini, amma kusan duk shawarwarin sun koma kan Dandaji, ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Nijar.

Ta farko, kuma wadda aka fi nanatawa: kafin a ja layi ɗaya a takarda, a tambayi waɗanda za su shiga ginin, har da mata da yara. A Dandaji tsohon masallaci ya fara lalacewa. Maimakon a rushe shi, masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa, aka kammala a 2018. Yanzu yarinya za ta fito daga karatu ta tsallaka fili ta yi salla, mata kuma sun sami dalilin zuwa harabar kullum. Ni dai wannan ya fi burge ni, don ba siminti ne ya kawo shi ba.

Wani dattijon magini ya ja kunne kan raina ginin ƙasa. Da bulon jar ƙasa da aka matse da inji aka yi sabon masallacin, kuma ya fi bulon siminti riƙe sanyi lokacin bazara. Sai dai ya ce a kula da ruwan damina a gindin bango.

An kuma ce a riƙa sa tsofaffin magina cikin aiki tun farko. Kan tsadar irin wannan gini kuwa, ba a daidaita ba.