Lambun bayan gida a damina: inda aka tsaya

Jama'a, na bi duk abin da aka faɗa a tattaunawarmu kan shuka a lambun bayan gida da damina, ga taƙaitawa:

1. Kusan kowa ya yarda a bari ruwa ya zauna, wajen watan Yuni, kafin a dasa. Takin awaki sai ya ruɓe sosai, ɗanye yana ƙona saiwa.

2. Masu ƙaramin fili su shuka furanni a tsohon bokiti, a huda gindinsa kada ruwa ya kwanta.

3. Magarya da kurna suna jure fari. Kanya da ɗinya kuwa sai mai haƙuri, don shekaru suke ɗauka kafin su yi 'ya'ya. Kuma kada a dasa su jikin katanga. Wannan na gani da idona a gidanmu, saiwa ta tsaga gini har sai da aka sare itacen.

4. An rabu a kan kwaɗi da ƙadangaru. Wasu sun ce a bar su, suna cin ƙwari. Wasu na tsoron kwaɗi su jawo maciji. Ni dai ina ganin a bar su, a riƙa cire ciyawa.

Kaskon ruwan tsuntsaye kuma a sauya shi kullum saboda sauro.