Haɗin gwiwa da jami'o'in ƙetare a fannin injiniyancin muhalli: wane tsari ne ke ɗorewa?

Malamin Jami'a:
Assalamu alaikum. An ɗora wa kwamitinmu nauyin nemo jami'ar ƙetare da za ta tallafa mana wajen buɗe sashen injiniyancin muhalli. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mun taɓa sa hannu a kan yarjejeniya irin wannan, aka yi biki aka ɗauki hotuna, amma tun daga ranar takardar ba ta sake fitowa daga durowa ba. Waɗanda suka ga yadda ake yi a wasu wurare, wane tsari ne ke haifar da ɗa mai ido?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ku hangi Turai, ku fara duba cibiyar horar da injiniyoyin ruwa da muhalli ta 2iE da ke Wagadugu a Burkina Faso, wadda ta samo asali daga makarantar injiniyoyi da ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka kafa a 1968. Ta daɗe tana aiki da jami'ar EPFL ta Suwizalan, kuma hukumar tantance digirin injiniyanci ta Faransa ta amince da shaidar karatunta. A ganina abin da ya riƙe wannan alaƙa shi ne bincike na tare a kan ruwan sha da tsaftar muhallin yankin Sahel, wanda kowane ɓangare ke cin moriyarsa. Haka nan shirin cibiyoyin ƙwarewa da Bankin Duniya ya fara a 2014 ya tallafa wa cibiyar ruwa da tsafta ta jami'ar KNUST a Kumasi ta ƙasar Ghana.

Malama Mai Bincike:
Malam, ni gargaɗina a kan manhajar karatu ne. Idan aka kwafo ta Holan ko ta Ingila ɗungurungum, ɗalibi zai ƙware a kan matatar gurɓataccen ruwa da ke buƙatar lantarki dare da rana, alhali a wurinmu tafkunan da rana da ƙwayoyin halitta ke tace ruwa a cikinsu sun fi sauƙin kulawa, domin zafin ƙasarmu yana gaggauta aikinsu. Matsalolin kuwa ga su a ƙofar gida: dagwalon masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, da gubar dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Ku kai wa abokin haɗin gwiwa irin waɗannan a matsayin batun bincike, shi kuma ya kawo kayan aunawa da horo.

Tsohon Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Ina goyon bayan Malama, sai dai a tuna da mu ma'aikatan ɗakin gwaji. Na ga na'ura mai tsada da aka kawo kyauta ta shekara uku a cikin kwali saboda ba a horar da mai sarrafa ta ba, ba a kuma ware kuɗin sinadarai da gyara ba. A rubuta wannan ƙarara a cikin yarjejeniya. Game da malamai kuwa, tsarin karatun raba-wuri ya fi, irin wanda tallafin Commonwealth ke bayarwa, inda ɗalibin digiri na uku zai yi wata 12 a Birtaniya, amma rajistarsa da samfuransa da digirinsa duk na jami'arsa ta gida ne.

Malamin Jami'a:
Na gode ƙwarai. Zan gabatar wa kwamiti batun horar da ma'aikatan ɗakin gwaji tun a zama na gaba, domin a daftarinmu ko ambatonsu ba mu yi ba.