Shawarwarin matafiya kan zagaya Peru da Bolibiya

Waɗanda suka zagaya Peru da Bolibiya, ƙasashe biyu a Kudancin Amurka, da jaka a baya sun fi nanata maganar tsauni, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Birnin Kusko na Peru yana kan tudu mai kusan mita 3,400, La Paz ta Bolibiya ta fi haka. Numfashi kan yi wuya, kai ya yi ta sara. Suka ce baƙo ya huta kwana biyu, ya sha ruwa sosai, kafin ya fara hawan duwatsu.

A koyi ɗan Sifaniyanci, don Turanci ba ya kai mutum ko'ina a kasuwa da tasha. Tikitin Machu Picchu, tsohon birnin tarihi a kan duwatsun Peru, a saye shi da wuri, ana ƙayyade masu shiga. Yawancin matafiyan sun zaɓi Mayu zuwa Satumba, lokacin rani. Musulmi kuwa ya riƙa tambaya kafin ya ci, naman alade ya yawaita a can.