Waƙa huɗu a fim ɗin marainiya da ɗan sarki: a bari ko a cire?

Nura: Salamu alaikum jama'ar zaure. Na gama rubuta fim daga tatsuniyar marainiya da ɗan sarki: kishiyar uwa, wahalar daka da ɗiban ruwa, ƙarshe aure a fada. Furodusa ya karanta ya ce ya yi masa, amma sai an sa waƙa huɗu, biyu da rawa. Na ce ko ɗaya ba na so. A ganina waƙa a fim ɗin soyayya kayan aro ce daga Indiya, tatsuniyarmu ba ta buƙatarta. Mai ganin na kauce ya fito.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Kana kan hanya, Nura. Mu da muka yi zaryar sinimomin Plaza da Eldorado a Kano muna samari mun san inda abin ya samo asali. Kwarori masu gidajen sinima ne suka saba mana da fim ɗin Indiya, da namu na bidiyo ya kankama a shekarun 1990 sai aka kwaso salon ɗungurungum, har da zagaya bishiya. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Hajiya Rabi: Allah ya gafarta Malam, a yi mini afuwa zan ɗan ja. Nura, ƙanena, wace tatsuniya aka yi maka kana yaro wadda babu waƙa a ciki? A gidanmu na Yakasai kakarmu kan zauna bakin murhu bayan isha'i, wuta ta mutu sai garwashi, mu kuma mun yi dafifi a tabarma ɗaya. Da ta ce ga ta nan ga ta nanku, kafin a je tsakiya rabinmu sun fara gyangyaɗi. Amma da ta sako waƙar, har wanda ya fara minshari sai ya tashi ya karɓi amshi. Matar nan ta rasu ba ta taɓa taka sinima ba. Ɗauki Daskin da Riɗi. Saurayin ya ce ba zai auri kowa ba sai wadda ta san sunansa. Kowace budurwa ta zo ƙofar ɗaki da waƙa take sallama, shi ma da waƙa yake mayar mata, wadda ta kasa faɗin sunan ta juya tana kuka. Sai ƙaramar nan da ta yarda ta cuɗa wa tsohuwa baya a rafi, ita aka faɗa wa sunan. To cire waƙar ƙofar nan ka gaya mini abin da ya rage.

Nura: Anti, wannan ai waƙar tatsuniya ce, baiti biyu ko uku. Abin da furodusa yake nufi minti shida ne a lambu, ana canza kaya sau biyar.

Hajiya Rabi: To ka ga ka sauya magana. Ɗazu waƙa ce ba ka so, yanzu kuma lambu ne.

Sadik Fiyano: Hhhh Anti ta kama ka, Yaya Nura. Bari mu da muke kwana a sutudiyo mu sa baki. Furodusan nan ba shi da laifi sosai, ɗan kasuwa ne. Zamanin kaset, in ka kai fim kasuwar Ƙofar Wambai, abin da ake fara tambaya shi ne waƙoƙin sun yi daɗi? Kaset ɗin waƙa yakan riga fim fita, ana jin sa a motar haya da wajen masu shayi, shi ne tallar. Ku tuna Sangaya na kamfanin Sarauniya, Ali Nuhu yarima, Fati Muhammad baiwar gidan sarauta. Ai kusan irin labarinka ne. Yau ka tare mutum goma a Zoo Road, da wuya uku su jero maka yadda labarin ya tafi, amma duk za su rera maka waƙar.

Malam Habibu: Sadik, hujjata ka ƙarfafa ba ka sani ba. An tuna waƙa an manta labari. Ke nan waƙar ta cinye fim ɗin. Kuma kada mu yi kamar ba mu san abin da ya faru ba. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 aka kafa hukumar tace fina-finai. Rawar namiji da mace na sahun gaba a abin da jama'a suka yi kuka da shi. Ga fina-finai masu dogon zango nan yanzu, da yawa babu rawa, kuma ana kallo.

Sadiya: Malam, ina ganin ana haɗa abu uku ne a buhu ɗaya: rawa daban, waƙa daban, kiɗan da ke tashi a ƙarƙashin magana daban. Su ma Turawa ba su tsaya a matsaya ɗaya ba. Sindirela ta kamfanin Disney ta 1950, ta zane, cike take da waƙoƙi. Da suka sake ta da mutane a 2015, Kenneth Branagh ya ba da umarni, sai aka janye kusan duka daga cikin labarin. Amma ku dubi wadda aka riƙe. Waƙar reno ce da uwar yarinyar take yi mata tana ƙarama. A ƙarshe an kulle ta a ɗakin sama, masu yawo da takalmi suna neman budurwar da ta yar da shi har sun juya za su tafi, sai muryarta ta fito ta taga tana wannan waƙar. Da ita aka gane akwai wata budurwa a gidan. Waƙa ɗaya tal, amma ita ce mabuɗin.

Hajiya Rabi: Yauwa 'yata. Kuma mu muna da dalilin da ya fi nasu ƙarfi: kunya. Marainiyar Nura za ta ɗaga ido ta dubi ɗan sarki ta ce ina son ka? Tabɗi. Ranar da ta faɗi haka ta daina zama yarinyar tatsuniya. Amma a bakin turmi, tana daka ita kaɗai, za ta iya faɗin komai, har habaici ga kishiyar uwa, ba mai cewa ta yi rashin kunya. Abin da mata suke yi ke nan a waƙar daka da ta niƙa tun kaka da kakanni.

Nura: Wannan ta shige ni, Anti. Amma bari in faɗi abin da ya fi ƙona mini rai. Akwai wani fim da na rubuta a baya, ba zan kama suna ba. Na ɓata sati uku ina gina ranar da za a fara ganin yarinyar cikin kwalliya, don duk fim ɗin da zane ɗaya koɗaɗɗe take yawo. Ina zaune ina kallo da iyalina, minti ashirin da farawa, sai ga waƙar mafarki: ita ce nan da leshi da ɗauri ya kai rufi, jan baki raɗau, tana juyi a gaban wani otal. Ba wanda ya shawarce ni. Da ranar kwalliyar gaskiya ta zo, ƙaramar 'yata cewa ta yi, Abba ai na ɗazu ya fi kyau.

Sadik Fiyano: Kai, wannan an cuce ka. Amma laifin mai dasa waƙar ne. Ni in za ka ba ni aikin, fiyanon ma gefe zan ajiye ta. Yarinyar a ba ta shantu, sautinsa na tsakar gida ne, na mata. Ɗan sarki kuma algaita da kakaki, ko ba a nuna fuskarsa ba Bakano ya san sarauta ce ta doso. Duk inda ya tuna ta, shantu ya ɗan motsa can ƙasa-ƙasa. Ranar ɗaurin aure algaita ta ɗauki karin da shantu yake yi tun farko. Ba sai wani ya buɗe baki ya ce sun dace ba.

Malam Habibu: Kakaki na sarki ne, Sadik, ba a busa wa ɗan sarki. Ka bar shi da algaita har sai ya hau gado.

Sadik Fiyano: Na karɓi gyara, Malam.

Malam Habibu: Kuma ni har yanzu ina kan bakana game da rawa. Waƙar daka ba ni da ja.

Sadiya: Yaya Nura, ga gwaji mai sauƙi. Kowace cikin huɗun nan, ka ɗauka mai kallo ya danna ya tsallake ta. In ya dawo bai rasa komai a labarin ba, cire ta. In ya rikice ya koma baya, ka bar ta.

Nura: In haka ne ɗaya ce za ta tsira, sai dai a raba ta uku: uwar ta yi mata a goye, ita ta yi a bakin turmi ɗan sarki ya ji ta bayan katanga, sannan ranar da kishiyar uwa ta tura 'yarta fada a lulluɓe, a ce ta rera, ta kasa kai baiti na biyu.

Hajiya Rabi: Ka ga wanda ya shigo yana ko ɗaya ba ya so, ya fita da uku.

Nura: Ɗaya ce, Anti! Matsalar yanzu furodusa, shi huɗu ya ƙirga, kuma ya riga ya ba wani mawaƙi kafin alƙalami.

Sadik Fiyano: Ka ce masa sauran ya sake su a YouTube a matsayin talla, kada dai su shiga cikin fim. Ni damuwata mai buga shantu, yaran yanzu ba su iya ba.

Hajiya Rabi: Akwai yayar babarmu a Ƙofar Mata, nata yana rataye a ɗaki har yau. Sai dai ba za ta taka sutudiyo ba, ku za ku kwaso na'urarku ku zo. Ku taho da goro, kuma bayan la'asar, kafin nan barci take.