Zan koma Daura da aiki: cikin gari ko bayan gari, kuma ya maganar wuta, ruwa da netwok?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi mini canjin wurin aiki zuwa Daura, zan tafi da iyali. Rabin aikina ta intanet ne, kuma duk wata sai na leƙa Kano. Ina son gidan haya kusa da fada saboda tarihin wurin. Waɗanda suka san garin, don Allah ku ba ni shawara.

Dan_Kusugu:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da sanin cewa unguwannin da ke kewaye da fada da rijiyar Kusugu tsofaffi ne, lunguna ne matsattsu, da yawa mota ba ta shiga har ƙofar gida. In kana da mota, ka tambayi inda za ta kwana tun kafin ka biya kuɗin haya.

In gidan ƙasa ne, ka je dubawa da rana tsaka ka lura da abu huɗu. Azara: ka ƙwanƙwasa ta, in ta yi ƙarar holoƙo gara ta cinye cikinta. Indararo: in ya tsage ko ya toshe, ruwa zai kwanta a kan soro, kuma ta nan rufi ke ruftawa a watan Agusta. Gindin katanga: farin gishiri-gishiri da ƙasa mai zubowa alama ce danshi na hawa daga ƙasa. Na huɗu shi ne yaɓe. Ku rubuta a takardar haya wa zai riƙa yin sa kafin damina, kai ko mai gida, don nan rigima ke tasowa. Ka guji gidan ƙasar da aka shafe da siminti kai tsaye, siminti na riƙe danshi a ciki, wata rana ya ɓallo da ƙasar gaba ɗaya.

Amfanin gidan ƙasa kuwa sanyi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗakin soro ya fi ɗakin kwano daɗin zama nesa ba kusa ba. Sai dai lokacin hawan Sallah da Sallar Gani, hanyoyin fada kan cika maƙil.

Injiniya_MK:
Ni dai shawarata ta saɓa da son ranka, Malam Abu Hanan. Mai aiki da intanet ya fi dacewa da sababbin unguwanni, domin katangar ƙasa mai kauri tana kashe sigina. Kafin ka kama gida, ka shiga ɗakin da za ka riƙa aiki da layin MTN da na Airtel, ka gwada gudunsu wajen ƙarfe 9 na dare, lokacin da kowa ke kan waya. Gwajin safe yaudara ne. In a tsakar gida akwai sigina amma a ɗaki babu, ka sayi rawuta, wato na'urar raba intanet a gida, ta 4G mai eriyar waje, ka ɗaga eriyar a kan ƙarfe ta haura rufi. Kada wayar eriya ta wuce mita 5 zuwa 10, tsawonta na cinye ƙarfin da ka samo.

In za ka je Mai'adua ko Kwangwalam, ka cire wayarka daga zaɓen netwok na kai-tsaye ka zaɓa da hannu. Kusa da iyaka takan kama layin Nijar, kuɗinka ya tafi ba ka sani ba.

Wuta ta KEDCO ce, kada ka ɗora aikinka a kanta ita kaɗai. Ga lissafi: kwamfuta mai wat 60 na awa 8, rawuta wat 10 dare da rana, fanka biyu masu wat 50 na awa 10, ƙwai shida masu wat 10 na awa 5. Jimla kusan wat-awa 2,000 a rana. Batir biyu masu 200Ah a haɗin bolt 24 suna ɗaukar wat-awa 4,800, amma rabi kawai ake sha in ana son su daɗe, wato 2,400. Faranti huɗu na sola masu wat 300 da imbata 1.5kVA (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) sun isa. Dutsen guga da hita ba sa cikin lissafin nan. Abin da ke kashe batir a yankin shi ne zafi da ƙarewar ruwa: ka ajiye su a inuwa mai iska, ka duba ruwansu duk wata, ka ƙara ruwan batir zalla, ban da na rijiya. Da hunturu ka riƙa goge farantan duk mako saboda ƙura.

Maman_Ilham:
Ruwa fa kada ka manta. Ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba, sau nawa famfo ke zuwa a mako. In babu burtsatse a gidan, tanki mai lita 1,000 jarka 40 ne masu lita 25, da shi za ka yi ciniki da 'yan ga-ruwa. Asibiti akwai na gwamnati a gari, akwai kuma na Sojojin Sama da aka buɗe a 2019. Manyan lalurori akan tura su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Direban_Arewa:
Zuwa Kano ta Kazaure da Dambatta ake bi, ka ware awa biyu zuwa biyu da rabi. Katsina kuwa ta Mashi, kimanin kilomita 80, kuma can ne filin jirgin sama mafi kusa. Motar haya ba ta tashi sai ta cika, don haka ka isa tasha kafin ƙarfe 7 na safe. Bayan azahar za ka iya shafe awa guda kana jiran fasinja biyu. Ranar Lahadi kasuwar Mai'adua ke ci, manyan motocin dabbobi sun yi yawa a hanya, ka guji tuƙin dare. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi an tsara shi ya bi ta Daura, amma kada ka sa shi a lissafinka sai ka ga jirgi ya fara ɗaukar fasinja.

Dan_Kusugu:
Injiniya, soro ai ya fi kwano sauƙin kafa eriya da faranti. Sharaɗin kawai kada a huda rufin: a ɗora ƙafafun ƙarfen a kan bulo, a ɗaure su da katangar rawani.