Zan sayar da Camry in sayi ƙaramar mota, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 Camry ɗina ta fi ƙarfina, rabin albashi a gidan mai yake ƙarewa, shi ne nake so in sayar in ɗauki Yaris ko Picanto. To uwargida ta ce atafau ba za ta saka yara a gwangwani ba, kuma duk sati biyu muna bin hanyar Kano zuwa Zariya. Tsoro ne kawai ko tana da gaskiya?

Amsa: Madam ta fi ka gaskiya malam. A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka mai gwajin karon motoci ta gwara Yaris da Camry gaba da gaba, kowacce na gudun kilomita 64 a awa, Yaris ɗin ce ta sha kashi, haka Honda Fit da Accord. Mai nauyi ita ke tura mara nauyi baya, na cikin ƙaramar su suke shan bugun.

Amsa: Haba, ai idan tirela ce ko Prado ka shiga sai dai addu'a. Ni shekara shida ina jan Yaris lafiya lau.

Amsa: Shekara shida ba ka yi karo ba kenan, Allah ya ƙara tsarewa, amma ba hujja ba ce.

Amsa: Yallaɓai ni gyaran bodi nake yi, abin da ba a faɗa maka ba shi ne da yawa daga cikin Beljiyam ɗin nan sun taɓa bugu a can, iyabag (jakar iskar da ke kare mutum in an yi karo) ya fashe, a liƙe sitiyari a cire ƙwan da ke nunawa a dashbod shi kenan. Na sha buɗe sitiyari in tarar da tsumma wallahi. In ka kunna makulli fitilar iyabag ta kama ta mutu bayan 'yan sakanni, in ba ta kama ba sam ka bar motar nan ko nawa aka rage maka. Kuma ƙananan ma ba ɗaya suke ba, a gwajin karon motoci na ƙungiyar Global NCAP na 2017 a Afirka ta Kudu Toyota Etios tauraro huɗu cikin biyar ta samu, Chery QQ3 ko ɗaya.

Amsa: Ka nemi Corolla kawai ka raba gardama, ba ta shan mai sosai. Kuma yaran nan suna ɗaura bel a baya?

Mai tambaya: Gaskiya ba sa ɗaurawa, ƙaramin ma a cinyar mamansa yake zama a gaba. Nawa Corolla 2008 take yanzu a Kano?