Me za mu kira documentary photography da Hausa?

'Yan uwa masu kishin harshe, ga wani aiki. Muna da "hoton biki", muna da "hoton fasfo", amma irin hoton da ake bin mutane har unguwarsu a ɗauka, ba kwalliya ba shiri, har yau bai samu suna ba.

Ga irin aikin da nake nufi. Camilo José Vergara mai hoto ne ɗan ƙasar Chile da ya fara ɗaukar unguwannin talakawan New York a 1970. A shekarun nan Bronx ta Kudu, wani yanki na birnin, na cin wuta, masu gidajen haya suna watsar da su, wasu ma suna cinna musu wuta don karɓar kuɗin inshora. Shi kuwa sai ya riƙa komawa wuri ɗaya shekara bayan shekara. Akwai ƙofar wani shago a unguwar Harlem ta New York da ya fara ɗauka a 1977, yana ta dawowa, shagon yana sauya hannu, fenti yana kwailewa, a sake shafawa. Kafin shi, wani mai hoto Ba'amurke, Bruce Davidson, ya yi shekara biyu, 1966 zuwa 1968, yana shiga ɗakunan mutanen layi ɗaya tak a gabashin Harlem.

Wani malami ya ba ni "hoton tarihi". Allah ya ƙara basira, Malam, sai dai duk Bahaushen da ya ji haka, hoton Sardauna zai zo masa a rai, alhali waɗannan hotunan mutanen da ke raye ne, ana ɗaukarsu a ranar da suke ciki. "Hoton shaida" ya fi kusa, amma katin shaida ya riga ya cinye kalmar.

Wanda na ƙi ƙwarai shi ne "hoton kango". Wallahi zalunci ne. A gindin kangon nan akwai yara na wasa, akwai uwa na shanya, akwai tsoho da ya share ƙofar gidansa. Sunan da ya ga bango bai ga mutum ba, bai dace ba.

Ni dai na tsaya a kan "hoton zahiri". Yana shiga baki: ɗaukar hoton zahiri, mai hoton zahiri, baje kolin hotunan zahiri. Masu hoto na Kano da Zinder, ku da kuke riƙe da kyamara kullum, idan an ce muku haka a kasuwa, za ku gane abin da ake so?